Kana son tara kuɗin azurfar Rumawa? Fara da gidan Severus

Malam tambayarka ita ce kana son ka fara tara tsoffin kuɗin azurfa na Rumawa, wato denarius, kuɗin hannunka ba masu yawa bane, to daga wane sarki za ka fara, kuma ya za a yi ka gane waye a jikin kwandalar tunda duk fuskokin kamar iri ɗaya suke a idonka. Toh ni dai shawarata ka ajiye zancen su Julius Caesar da Augustus da Nero tukuna, waɗannan kowa ya san sunansu shi yasa suke da tsada kuma 'yan jabu sun fi yi musu rubdugu. Ka kama gida ɗaya ka bi shi daga tushe har ƙarshe, kuma gidan da zan ce ka kama shine na Septimius Severus, daga shekara ta 193 zuwa 235 miladiyya. Uba da uwa da 'ya'ya biyu da suruka da 'yar'uwar uwa da 'ya'yanta mata biyu da jikokinta, kowa an buga masa kuɗi da fuskarsa da sunansa, kuma yawancinsu za ka samu mai kyau a tsakanin dala 50 zuwa 100 a wajen dillalai na kirki. Af, kar sunan ya ruɗe ka da dinarin zinare da muke ji a babin zakka, wannan na azurfa ne, na zinarensu aureus suke ce masa kuma guda ɗaya yana daidai da denarius 25.

Dalilin arahar shi kansa tarihi ne. Denarius tun wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka fara buga shi, a zamanin Augustus nauyinsa ya kusa giram 3.9 kuma kusan zallar azurfa ne, Nero ya zo a shekara ta 64 ya rage masa nauyi zuwa wajen giram 3.4 ya ɗan surka shi, haka aka yi ta zaftarewa kaɗan kaɗan har Severus ya zo ya mayar da shi kusan rabi azurfa rabi jan ƙarfe. Me yasa? Sojoji. Da takobi ya hau mulki kuma da albashin soja ya riƙe shi, ya ƙara musu albashi, ɗansa ya zo ya sake ƙara musu rabin abin da suke karɓa, azurfar ba ta ƙaru ba sai aka ƙara yawan kwandaloli. Bayan su kuma daular ta shiga rikici, mutane suka riƙa binne kuɗinsu a tukwane wasu ba su dawo sun tone ba. A Reka Devnia ta ƙasar Bulgeriya a 1929 an tono fiye da guda dubu 80 a wuri ɗaya, a Shapwick ta Ingila a 1998 an samu fiye da dubu 9 kuma akasarinsu na wannan zamanin ne. Kaga abin da aka buga da yawa aka kuma binne da yawa dole ya yi araha yau.

Amma ba don araha kawai nake tura ka can ba. Kuɗin Rumawa ba kuɗi bane kawai, sanarwar fada ce, abin da gidan sarauta ke so talaka da soja su yarda da shi shi ake rubutawa a baya, kuma a gidan nan kusan duk abin da aka rubuta akasinsa ne ke faruwa a cikin gida. In ka san labarin, kowace kwandala ka ɗauka sai ka ji kamar ka kama su suna ƙarya.

A daren ƙarshe na shekara ta 192 aka kashe sarki Commodus. Pertinax ya hau, bai cika wata uku ba dogaran fada suka kashe shi, daga nan suka sa sarautar a gwanjo, wallahi gwanjo na gaske, wani attajiri Didius Julianus ya taya da alƙawarin sestertius dubu 25 ga kowane dogari wato denarius 6,250, alhali sojan rundunar yaƙi 300 yake ɗauka a shekara. Shi ma wata biyu da 'yan kwanaki ya yi. Severus a lokacin gwamna ne a bakin kogin Danube, haifaffen Leptis Magna ne a gaɓar tekun Libiya ta yau, sojojinsa suka naɗa shi a Carnuntum a watan Afrilu na 193 ya taso ya shiga Rum. Kuɗin da ya fara bugawa duba bayansu, tutocin yaƙi ne da sunan rundunonin da suka mara masa baya, irin LEG XIV GEM M V. Wato ya san waɗanda suka ɗora shi kuma yana so su ga sunansu a albashinsu. Sannan ya gama da Pescennius Niger a gabas a 194, ya gama da Clodius Albinus a Lugdunum wato Lyon ta Faransa a 197, wanda da farko ya lallaɓa shi da muƙamin yarima har aka buga masa kuɗi a Rum. Pertinax da Julianus da Niger ka bar su, kuɗinsu ƙalilan ne tsadarsu ba ta mai farawa bace.

Abin dariya a nan, mutumin da ba shi da jinin sarauta sai a 195 ya shelanta cewa shi ɗan Marcus Aurelius ne, wanda ya mutu tun shekara 15 da suka wuce, shi ya ɗauki kansa ya kai kansa riƙo gidan mamaci. Ya canza wa babban ɗansa suna daga Bassianus zuwa Marcus Aurelius Antoninus. Wannan ɗan shine Caracalla, kuma ka riƙe wannan da kyau don nan masu farawa ke faɗuwa: ba za ka taɓa ganin CARACALLA a jikin kuɗi ba, laƙabi ne da aka yi masa saboda wata alkyabba mai hula da yake yawan sawa. A kuɗi ANTONINVS za ka gani.

Uwar gidan ita ce Julia Domna, 'yar Emesa wato Homs ta Siriya, mahaifinta shine babban mai hidimar gunkin garin da ake kira Elagabal. Ni in ka tambaye ni ita ce ta fi cancanta ka fara saya, gashinta kaɗai ya isa ka gane ta, wani irin gyara mai layi layi da ya rufe kunne ya tattaru a ƙeya. Kuma rubutun gaban kuɗinta yana gaya maka lokaci ba sai ka buɗe littafi ba, IVLIA DOMNA AVG na farkon mulkin mijinta ne zuwa wajen 196, IVLIA AVGVSTA daga nan zuwa 211, IVLIA PIA FELIX AVG kuma bayan mijin ya mutu ɗanta na kan gado. Tana bin mijinta sansanin yaƙi har aka ba ta laƙabin uwar sansani. Akwai wani da nake so ka nema in Allah ya hore maka, bayansa an rubuta MAT AVGG MAT SEN M PATR, uwar sarakuna, uwar majalisar dattawa, uwar ƙasa. G biyun nan na AVGG na nufin sarakuna biyu ne, 'ya'yanta kenan Caracalla da Geta, kuma ba a daɗe ba ɗaya ya rage.

Ga yadda abin ya faru. An haifi Caracalla a 188, Geta a 189, tsiransu shekara ɗaya kuma tun suna yara ba sa ga maciji. Uban ya ɗaga Caracalla ya zama sarki tare da shi a 198, Geta ya zauna a yarima har 209. Ya kwashe su duka ya tafi yaƙi arewacin Birtaniya, shi yasa za ka ga BRIT a ƙarshen sunayensu da VICTORIAE BRIT a baya, can ya mutu a Eboracum wato York ranar 4 ga Fabrairu 211. Cassius Dio, ɗan majalisa ne da ya rayu a zamanin ya kuma rubuta tarihinsa, ya ce wasiyyar uban ita ce ku haɗa kanku, ku azurta sojoji, kar ku damu da kowa bayan su. Biyun ƙarshe Caracalla ya riƙe. A Disamba na wannan shekarar ya sa aka kira Geta ɗakin uwarsu da sunan sulhu, sojoji suka afka suka kashe shi a jikinta. Aka bi mutanensa aka kashe, Dio ya ce wajen dubu 20, aka kankare sunansa daga duwatsu, akwai wani zanen iyalin a kan katako da aka samo a Masar yanzu yana Berlin, uba da uwa da Caracalla suna nan fuskar Geta an goge ta tas. Dio ya ce har kuɗinsa an narkar. To amma ka shiga kasuwa yau denarius ɗin Geta ga su nan birjik, don kuɗin da ya riga ya shiga aljihun soja a Siriya da Jamus da Birtaniya babu sarkin da ya isa ya tattaro shi. Na lokacin yarintarsa P SEPT GETA CAES PONT kansa babu kambi su suka fi yawa, masu gemu da AVG na shekarunsa biyu na ƙarshe sun fi ƙaranci sun ɗan fi tsada.

Caracalla shi kaɗai ma ya isa mutum ya yi shekaru yana tarawa, saboda kana ganin girmansa a kuɗi, daga yaro ɗan shekara takwas mai kumatu har ƙaton mai gemu da ya haɗe gira yana harara, kuma hararar da gangan ce haka yake so a gan shi. Shi ne a 212 ya ba kusan duk 'yantattun mutanen daular 'yancin zama Rumawa, Dio ya ce don haraji ya ƙaru ne. A 215 ya fito da sabuwar kwandala da muke kira antoninianus, ana ɗaukarta a matsayin denarius biyu amma nauyinta na ɗaya da rabi ne. Gane ta ba wuya, sarki na sanye da kambi mai tsinke tsinke maimakon na ganye, in mace ce kuma an ɗora kafaɗunta a kan jinjirin wata. Dillali in ya ce maka denarius ne kuma ka ga kambi mai tsini to bai san kayansa ba.

Yanzu ga abin da nake nufi da ƙarya. A 202 aka aura wa Caracalla Plautilla, 'yar Plautianus shugaban dogaran fada wanda shi ma ɗan Leptis ne. Aka buga mata kuɗi ita da ango sun riƙe hannun juna, a sama CONCORDIAE AETERNAE, jituwa ta har abada, wani kuma PROPAGO IMPERI, wato zuriyar da za ta gaji daula. Angon ko abinci ba ya son ci da ita. A Janairu 205 aka kashe ubanta, aka kore ta tsibirin Lipari, uban miji na mutuwa aka aika aka kashe ta. Ka ci gaba da bin CONCORDIA a kuɗin matan gidan nan, Julia Paula matar Elagabalus, jikan 'yar'uwar Domna da ya hau sarauta daga baya, tana da shi an sake ta bayan kamar shekara ɗaya, Orbiana matar Severus Alexander, sarkin ƙarshe na gidan, tana da CONCORDIA AVGG, uwar miji ta sa aka kore ta Afirka a 227 aka kashe ubanta. Haka ma FIDES MILITVM, amanar sojoji, za ka gan shi a kuɗin Macrinus wanda ya hau bayan Caracalla, da na Elagabalus da Alexander, dukansu kuwa a hannun sojoji suka mutu.

Caracalla an soke shi a Afrilu 217 a hanya kusa da Carrhae, Harran ta Turkiyya a yau, ya sauka daga doki zai kama ruwa. Macrinus shugaban dogarai, ɗan Aljeriya ta yanzu, ya hau, Julia Domna ta mutu a Antakiya a shekarar. Da a ce nan aka tsaya da gidan ya ƙare, amma akwai 'yar'uwarta Julia Maesa, tsohuwa mai dukiya da wayo, an mayar da ita Emesa ta je ta baza labari a barikin soja cewa jikanta ɗan shekara 14 ai ɗan Caracalla ne na waje, wato ta yarda a zubar da mutuncin 'yarta Soaemias don a samu sarauta, ta haɗa da kuɗi, a Yuni 218 aka ci Macrinus da yaƙi kusa da Antakiya. Yaron nan shine Elagabalus, shi ma laƙabi ne daga sunan gunkin da yake wa hidima, sunan sarautarsa kuma Marcus Aurelius Antoninus, sak na Caracalla.

Nan ne rikicin da ka tambaya a kai yake, yara biyu suna ɗaya fuska kusan ɗaya. Ga yadda nake rabewa. Ka juya baya ka duba TR P da lambar da ke binsa, wannan iko ne da ake sabuntawa duk shekara saboda haka kamar lissafin shekarun sarauta ne. Elagabalus bai wuce TR P V ba, in ka ga VI zuwa sama Caracalla ne, shikenan. In lambar ƙarama ce ka duba P M, wato shugaban addinin ƙasa, mutum ɗaya ke riƙe shi, Caracalla bai samu ba sai da ubansa ya mutu a 211, kafin nan PONTIF kawai ake rubuta masa. Saboda haka fuskar yaro da P M TR P a baya Elagabalus ne. Nasa kuma yawanci da IMP yake farawa, IMP ANTONINVS PIVS AVG, sau da yawa akwai tauraro a bayan, a na ƙarshen mulkinsa wani abu kamar ƙaho na fitowa a saman goshinsa, kuma za ka gan shi tsaye cikin doguwar rigar Siriya yana yanka ga gunkinsa da rubutu irin SACERD DEI SOLIS ELAGAB. In ka ga BRIT ko GERM kuwa babu gardama Caracalla ne. Da wannan TR P ɗin za ka fitar da shekara, na Severus mai P M TR P XVIII COS III P P shekara ta 210 ne, na Caracalla mai TR P XVIII COS IIII kuma 215, don shi daga 198 aka fara ƙirga masa.

Elagabalus ya ɗauko baƙin dutsen gunkin Emesa ya kai Rum ya ɗora shi sama da Jupiter babban gunkin Rumawa, ya auri Aquilia Severa wadda tana cikin 'yan matan da aka keɓe wa bautar gunkiya Vesta da aka haramta musu aure, Rumawa suka ga abin ya isa. Kakar tasa ta hango abin da ke tafe ta sa ya ɗauki Severus Alexander ɗan'uwansa, ɗan ɗaya 'yar tata Mamaea, a matsayin magaji, a Maris 222 dogarai suka kashe Elagabalus da uwarsa suka jefa gawarsa a kogin Tiber. Severus Alexander ya hau yana ɗan shekara 13, uwarsa ce ke mulkin, a 235 sojoji suka kashe su tare kusa da Mainz ta Jamus. Kuɗin Alexander da na Mamaea sune suka fi sauƙin samu da kyawun bugu, in kana son wanda zai burge ka a ido da kuɗi kaɗan nan ne. Bayansu da 'yan shekaru, a zamanin Gordian na uku wajen 240, aka daina buga denarius a matsayin kuɗin yau da kullum, antoninianus ta maye gurbinsa, ita ma kafin 270 azurfarta ba ta kai kashi biyar cikin ɗari ba.

Sai maganar saye. Ka nemi ɗan sikelin da ke auna har 0.01 na giram da gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo. Na zamanin nan yawanci tsakanin giram 2.5 ne zuwa 3.5, faɗi milimita 18 zuwa 20. Da hannu aka buga su, a ɗora ƙarfen tsakanin hatimi biyu a maka guduma, shi yasa ba sa zama da'ira cif, wani rubutun ya fita gefe, wani bakin ya ɗan tsage, duk wannan alama ce mai kyau. Jabu na zubi kuwa za ka ga layin haɗi a zagayen baki ko alamar an goge shi da zarto, ƙananan ramuka da ƙuraje a fili, haruffa sun narke babu kaifi. In ka ga guda biyu a hannun mutum ɗaya sun yi daidai har tsagar baki da inda suka goge, ka mayar masa da kayansa. Maganaɗisu ba ya tabbatar da komai, ƙarfe kawai yake kamawa, dalma da tagulla wucewa za su yi. Akwai kuma jabun da aka yi tun zamanin Rumawan, cikinsa jan ƙarfe an lulluɓe shi da azurfa, wannan ma ana tarawa amma a sayar maka da shi a matsayin abin da yake.

Dan Allah kar ka kai wa maƙerin azurfa ya gwada maka, gogawa zai yi a dutse ya ɗiga ruwan batir ya ce maka rabi ce, ka riga ka san rabi ce kuma ya lalata ta. Kar ka wanke da toka ko man goge baki ko lemon tsami, duhun nan da ta yi shekara da shekaru ne ya kawo shi kuma masu saye kuɗi suke ƙarawa a kansa. Wasu azurfar tasu ta yi rauni a cikin ƙasa in ta faɗi a siminti sai ta dare biyu, ka riƙa dubawa a kan tsumma, ka riƙe ta ta baki. Ajiya kuma a ɗan ambulan takarda ko ledar da ba ta da laushi, mai laushin nan tana fitar da wani kore mai danƙo, musamman da damina.

Kafin ka biya ko kwabo ka shiga shafin OCRE na intanet, kyauta ne, ka rubuta rubutun gaba da na baya ka ga hotunan na gidajen tarihi ka gwada, lambar RIC da dillalai ke sawa daga kundin da kowa ke aiki da shi ne kuma gidan Severus a juzu'i na huɗu yake. A shafin acsearch za ka ga nawa aka sayar da irinta a gwanjo. Saye kuma wajen dillalin da ya rubuta cewa in ta tabbata jabu ce zai dawo maka da kuɗinka ko bayan shekara nawa, irin waɗanda ke shafukan intanet na VCoins da MA-Shops, kuma ka adana rasit da ɗan tikitin da ya zo da ita wanda ke nuna hannun da ta bi. In wani ya zo maka da su a ƙulle a leda ya ce daga Libiya ya taho da su, ka yi hattara ta fuska biyu, ko dai na zubi ne da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido, ko kuma na gaske ne an fitar da su ba bisa doka ba, don Libiya da Masar da Turkiyya da Siriya duk sun hana fitar da kayan tarihi, kuma a 2011 an sace dubban tsoffin kuɗi daga ma'ajiyar wani banki a Bengazi. Dillalin kirki ba zai saya a hannunka ba ranar da kake son sayarwa.

Ni da zan jera maka, Severus da Domna tukuna, sai Caracalla biyu ɗaya yaro ɗaya mai harara, sai Geta da Plautilla, sannan ka tsallaka ɓangaren Maesa ka ɗauko ta da Soaemias da Mamaea da Elagabalus da Alexander, duk waɗannan a hankali za ka haɗa su ba tare da ka ci bashi ba. Macrinus da Julia Paula sun ɗan fi tsada, Aquilia Severa da Orbiana da Diadumenian ɗan Macrinus sai ka yi tanadi. Annia Faustina kuwa, matar Elagabalus ta uku da ba ta yi ko shekara a gidan ba, denarius ɗinta 'yan ƙalilan ne aka sani a duniya, in ka ga wani ya sa ta a kasuwa da araha kar ma ka tsaya tambaya.